Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Lokacin Taki Da Lokacin Noma A Ƙasar Tondikandiya

A wannan mako filin ya karkata ga wata magana da ta shafi kowane ɗan kasuwa da kowane ma'aikacin gwamnati da ke zaune a birni alhali kuwa yana da gona a garinsu. Irin waɗannan mutane suna da yawa cikin ƴan asalin Kurfai da Imanan da Tagazar da Tondikandiya mazauna Yamai. Kowace shekara suna aika kuɗin iri, da kuɗin ƴan barema, da buhun takin zamani, sa'an nan idan kaka ta yi sai a kawo musu lissafin dammunan da ba su mayar da ko abin da aka kashe ba. Daga nan zargi ke tashi. Wani ya ce ƙanensa ne ya sayar da takin, wani ya ce takin jabu ne, wani kuma ya ce ƙasar ce ta mutu. Duk waɗannan suna iya faruwa. Amma abin da ya fi cinye gonakin nan, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne jinkiri. Buhun taki guda ne, kuɗinsa guda ne, amma wanda aka sa a gonar da aka nome cikin makonnin farko da wanda aka watsa cikin haki a ƙarshen watan Agusta ba abu ɗaya suke haifarwa ba. Na farko yana cika rumbu, na biyu kuwa ƙarangiya yake yi wa hidima.

Ƙasa mai gajerar damana

Tondikandiya tana kudu da garin Filinge, cikin jahar Tilaberi, kuma babban garinta shi ne Damana, sunan da idan Bahaushe ya ji shi sai ruwan sama ya faɗo masa a rai. Akasarin mutanenta Zabarmawa ne, suna zaune tare da Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma kasuwa ta daɗe da haɗa su da Kurfayawa maƙwabtansu na arewa. A nan ne, a garin Fandu, aka haifi marigayi Janar Seyni Kunce a 1931, wanda ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974 ana tsakiyar yunwa, kuma a nan aka yi masa makwanci a 1987. Babu mai koya wa mutanen wannan ƙasa ma'anar rumbu ya wayi gari babu kome a ciki, domin kuwa sun ga fari na 1973 da na 1984, sun ga farar 2004 da tsadar hatsin da ta biyo bayanta a 2005.

Ƙasar nomansu iri uku ce. Akwai kwarin Dallol Boso inda ruwan rijiya ke kusa, akwai fako mai tauri a kan tuddai, akwai kuma jigawa, wadda ita ce mafi yawan gonakin hatsi. Yashin jigawa yana da sauƙin noma, amma ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Ruwan shekara kuwa yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 500, kuma kusan dukansa yana sauka ne cikin wata uku, daga ƙarshen Yuni ko farkon Yuli zuwa Satumba. Hatsin da ake shukawa, ko na gado ne ko irin su HKP da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN ta yaɗa, yana bukatar kusan wannan wata uku ɗin cif kafin ya nuna. Wato babu rarar kwanaki.

Mai kula da ciyawar filin ƙwallo ko ta lambun babban gida a Yamai yana da famfo. Idan ya zuba taki yau sai ya buɗe ruwa ya bi shi, idan kuma ya makara da mako guda ciyawar ta ɗan yi ja, sa'an nan ta murmure. Manomin Damana ba shi ke zaɓen ranar ruwa ba. Abin da ke hannunsa kawai shi ne ruwa ya tarar da shi a shirye.

Ruwan farko da kyautar da ke cikinsa

Manoma suna ƙirga watanni tun daga kaka, kuma da zarar an shiga watan bakwai na lissafinsu ido ya koma gabas. Masana su ma suna da nasu ma'auni. A 1988 wani masanin yanayi na cibiyar ICRISAT ta Sadore, M. V. K. Sivakumar, ya tsara ƙa'idar da ta shahara a ƙasashen Sahel: damana ta tsaya idan bayan 1 ga watan Mayu aka samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, sa'an nan cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba. Bincikensa ya kuma nuna cewa ranar faɗuwar damana ta fi ranar ɗaukewarta yawan canzawa. Ma'anar wannan a gona ita ce, shekarar da ruwa ya makara, damana gajera ce, domin ba ta cika biyan bashin kwanakinta daga baya ba. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, takan tara masana kafin kowace damana su fitar da hasashen yadda za ta kasance. Ma'aikacin da ke sauraron rediyo a birni shi ya kamata ya isar da wannan labari gida tun da wuri.

A cikin ruwan farko akwai wata kyauta da ba a biyan ko dala a kanta. Bayan wata takwas ko tara ƙasa tana bushe, da ta jiƙa sai ƙananan halittun da ke cikinta su farka, su narkar da kashin dabbobi da ganye da saiwoyin bara, su saki sinadarin azot da yawa cikin ƴan kwanaki. Wannan shi ya sa hatsin shukar farko yake fitowa shar, ya kuma bar na shuka ta biyu a baya ko da tsakaninsu bai wuce kwana goma ba. Idan babu hatsi a gona a wannan lokaci, haki ya sha rabonsa, sauran kuma ruwa ya nutsar da shi cikin yashi inda saiwa ba ta kaiwa.

Don kada su rasa wannan kyauta ne manoma da yawa ke yin bizne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Dabara ce mai riba da kasada. Idan yayyafi ya tsirar da iri sa'an nan sama ta ɗauke, ko iskar farkon damana ta kwaso yashi ta rufe tsiron, sai an sake shuka. Asarar tiya biyu ta iri ana iya jure ta. Asarar takin da aka sayo da tsada ita ce mai zafi. Saboda haka mai bizne ya fi dacewa ya ajiye takinsa a ɗaki har shuka ta tsaya.

Taki uku, lokaci uku

Takin gargajiya aikin rani ne. Tun dauri, idan an kwashe amfanin gona, manomi kan shirya da makiyayi ya kwantar da garkensa a gona, ana ba shi hatsi da izinin shayarwa a rijiya, shanu kuma suna barin kashi da fitsari a inda suka kwana. Ƙasar da ke da shanun Azawak na Tukunus da kasuwar dabbobi irin ta Baleyara ba ta rasa wannan arziki ba. Gonar da garke ya kwana a cikinta sosai takan ci moriyarsa shekara biyu ko uku. Wanda ba shi da wannan dama sai ya ɗauko takin gida da amalanke tsakanin Fabrairu da Mayu. A nan akwai abin lura: ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin hakin da suka ci, mai zuba shi kai tsaye yana shuka wa kansa aiki. Wanda ya ruɓa a rami na ƴan watanni ya fi tsabta, ya kuma fi saurin amfani. Haka nan ramukan tassa da rabin-wata da ake farfaɗo da fako da su, a rani ake haƙa su a zuba taki, gara ta shigar da shi ƙasa kafin ruwa ya zo. Wanda ya tuna da su a watan Yuli ya tuna da na baɗi.

Taki na biyu shi ne mai sinadarin fosfor, wato 15-15-15 ko DAP. Binciken shekara da shekaru a Sadore ya tabbatar da cewa abin da yashin ƙasar nan ya fi rasawa shi ne fosfor, har ma sau da yawa rashinsa ya fi ƙarancin ruwa tauye hatsi. Aikin fosfor kuwa shi ne gina saiwa, kuma saiwa a farkon rayuwa ake gina ta. Daga wannan bincike ne a shekarun 1990 aka fitar da dabarar tsunkulen taki, wadda masanin ƙasa André Bationo, ɗan Burkina Faso, yana cikin waɗanda suka yi fice a kanta, har ya samu lambar yabo ta abinci ta Afirka a 2020. Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a watsa taki ko'ina, sai a sa giram 6 na 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, kimanin abin da yatsu uku ke tsunkula, a kowane gurbin shuka. Idan hekta tana da gurbi 10.000, kilo 60 na na farko ko kilo 20 na na biyu ya wadatar. Wato buhu guda na DAP mai kilo 50 yana isar hekta biyu da rabi. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma a Nijar da Mali da Burkina Faso sun nuna ƙarin hatsi da dawa tsakanin kashi 44 da kashi 120 cikin ɗari. Sharaɗinsa biyu ne: ƙasa ta kasance da danshi, kuma a raba taki da iri da ɗan yashi, domin idan suka haɗu a ƙasa mai ƙarancin laima takin yana ƙone tsiro.

Ranar shuka rana ce ta gaggawa, kowane hannu yana bayan sungumi, kuma ba kowane gida ke da wanda zai bi da taki ba. Wanda ya rasa wannan rana bai rasa duka ba. Binciken da aka yi a ƙasar Fakara, can kudu da Baleyara, a shekarun 2000 ya nuna cewa tsunkulen da aka binne a gindin hatsi makonni bayan shuka yana ba da riba. Ƙofar dai tana ƙunƙuncewa ne kowace rana, kuma idan hatsi ya ɗauki ciki ta rufe.

Taki na uku shi ne farin nan mai suna ure, wanda azot ne zalla. Shi ne mafi saurin nuna aiki, shi ne kuma mafi saurin salwanta. Idan aka watsa shi a kan busasshiyar ƙasa cikin zafin rana, wani kaso yana bin iska. Idan aka zuba shi gab da ruwa mai ƙarfi, yashi ya tace shi zuwa ƙasa. Idan kuma aka sa shi da yawa aka shiga fari, hatsin da ya yi ganye da yawa shi ke fara laushi. Lokacinsa shi ne bayan an yi noman farko da cira, sa'ad da hatsi ya soma yin ƴaƴa a gindi, washegarin ruwa, a tona kusa da gindi a rufe. Mai hali ya raba shi biyu, rabi a lokacin nan, rabi sa'ad da kara ya soma miƙewa. Wanda ya kawo ure bayan bununi ya fito ya yi ihu bayan hari.

Noman farko shi ne uban aiki

Duk abin da aka faɗa game da taki yana rataye ne a kan abu guda, wato noman farko. Hatsi a makonninsa na farko rarrauna ne, ganyensa kamar zare, yana tafiya a hankali. Ƙarangiya da komayya da guɗe-guɗe da harkiya da gogamasu kuwa ruwa guda ya tsirar da su tare da shi, kuma sun fi shi sauri. Suna shan laimar da ya kamata ya sha, suna cin azot ɗin ruwan farko, suna yi masa inuwa. Malaman gona suna ba da shawarar a shiga noman farko kwana 10 zuwa 15 bayan tsiro, a yi cira a bar ƙafa uku a kowane gurbi kafin a wuce mako uku, sa'an nan a yi maimai bayan mako biyu ko uku. Hatsin da haki ya danne a wata na farko ba ya komawa daidai ko da an share masa gona tas daga baya, domin yawan ƴaƴan da zai yi da girman zangarniyarsa tun yana ƙarami ake yanke su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A yammacin ƙasar nan da hauyar tsaye ake noma, mai dogon ƙota da baki kamar jinjirin wata, wadda ake turawa ƙarƙashin yashi tana yanke saiwar haki. Kayan aiki ne mai sauri a jigawa, amma saurinsa yana ga ƙaramin haki. Idan haki ya yi ƙarfi ya kama ƙasa, gonar da mutum biyu za su gama cikin ƴan kwanaki sai ta ci su fiye da haka nesa, ga shi kuma idan marka ta kankama hakin da aka yanke yau ruwan dare ya sake dasa shi. Ashe jinkirin mako guda yana ƙara kuɗin barema, yana kuma rage dami, asara biyu a tafiya ɗaya.

Daga nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ta fito. Mai gonar da kuɗinsa ba su isa taki da barema duka ba, ya fara biyan barema. Gonar da aka nome a kan kari ba taki tana ba da abin da ƙasarta ta iya. Gonar da aka sa wa taki ba a nome ba takan kasa ko wannan, domin taki ba ya tambayar saiwar wa ke shan sa.

Ƙuduji, ɓarawon ƙarƙashin ƙasa

Akwai haki guda da hauya ba ta isa gare shi a kan lokaci, shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, tana kwance cikin ƙasa har sai ta ji wani ruwa da saiwar hatsi ke fitarwa, sa'an nan ta tsira ta manne wa saiwar tana tsotsa. Tana yin makonni tana wannan ɓarna ba a gan ta ba. Ranar da jan furenta ya bayyana a gona, mafi yawan cutar ta riga ta auku. Tushe guda yana iya zubar da ƙwaya dubu goma-goma, kuma ƙwayar tana iya jira fiye da shekara goma. Masana sun gano cewa hatsin da ke jin yunwar fosfor da azot ya fi fitar da ruwan nan mai tayar da ita, abin da ya gaskata maganar tsofaffi cewa ƙuduji alamar gajiyar gona ne.

Yaƙi da shi ma maganar lokaci ce. Takin da aka sa da wuri yana rage masa ƙarfi. Tuge shi kuwa dole ne a yi da hannu da zarar ya soma fure, kafin ya yi ƙwaya, a tara a fitar daga gona a ƙone, domin wanda aka tuge aka yar a kunya yana iya ƙarasa nunar da ƙwayarsa. Wannan aiki yana faɗowa a ƙarshen Agusta da Satumba, sa'ad da kowa ya gaji, an jingine hauya ana jiran tumu, kuma ba ya ƙara ko zangarniya ɗaya a bana. Amfaninsa na shekaru masu zuwa ne. Shi ya sa ɗan barema da mai aron gona ba sa yin sa sai mai gona ya biya shi daban. Juya gona da wake ko gujiya ko riɗi yana taimakawa, domin suna iya tayar da ƙwayar ƙudujin hatsi ba tare da ta samu abin kamawa ba, sai ta mutu.

Maganin feshi

Tsadar barema ta sa jarkokin maganin haki, akasari masu shigowa ta iyakar Najeriya, sun yawaita a kasuwannin ƙasar nan. Wajibi ne mai saye da mai sayarwa su san abu uku. Na farko, magani irin su gilifosat ba ya bambanta haki da shuka, duk ɗanyen ganyen da ya taɓa ya mutu, don haka lokacinsa kafin shuka ta tsira ne kawai. Na biyu, gonar Tondikandiya ba ta hatsi kaɗai ba ce, akwai wake da yakuwa a tsakani, akwai tafasa da mata ke tsinka don miya a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma hakin da aka nome shi ne abincin ragon da ke ɗaure a gida. Na uku, ƙungiyar CILSS, bisa shawarar kwamitinta mai tantance magungunan gona, ta haramta parakwat a 2011, ta haramta atrazin a 2015. Parakwat guba ne wanda ba a san makarinsa ba, kurɓi kaɗan yana kisa, jarkarsa kuma sau da yawa a gidan talaka take ƙarewa ana zuba ruwa ko mai. A kwarin Dallol, inda ruwan rijiya ke kusa da sama, abin da aka fesa a gona bai yi nisa da abin da ake sha ba. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma RECA ta sha fitar da jerin magungunan da aka amince da su da waɗanda ba a amince ba. Ɗan kasuwar kirki ya nemi wannan jeri kafin ya yi sari.

Daga ina jinkirin yake fitowa?

Wani jinkirin daga nesa yake tasowa. Nijar ba ta da teku, kuma takinta daga waje yake zuwa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. Tsakanin 2020 da Afrilun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya zo ya ƙara dagula kasuwa, kuɗin ure a duniya ya ninka fiye da sau uku. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 kayan da suka saba bi ta Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa kafin 2015 za a kai kilo 50 na taki a kowace hekta, amma wa'adin ya cika Nijar ba ta kai ko kilo 5 ba. Shekara da shekaru takin rangwame ta hannun CAIMA yake bi, sa'an nan a 2018 gwamnati ta amince da gyaran da ya ba ƴan kasuwa babban matsayi wajen shigo da shi da rarraba shi. Ko ta hannun wa ya bi, ma'auni guda ne: shin buhu yana magaza a Damana da Filinge a watan Mayu, ko kuwa yana kan hanya a watan Agusta? Ga kuma rashin tsaro, wanda ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tilaberi tun daga 2017, ya kuma raba wasu manoma da gonakinsu na nesa.

Amma wani jinkirin a gida ake ƙera shi. Ɗan kasuwa yana jira sai ya ga hadari kafin ya yi odar taki, don kada jarinsa ya kwanta. Ma'aikaci yana jira sai an kira shi an ce shuka ta tsaya, sa'an nan ya jira ƙarshen wata, sa'an nan ya nemi mota mai zuwa Filinge. Kafin buhu ya sauka an kusa gama maimai. A shekarun 1990, sa'ad da ma'aikata ke bin gwamnati albashin watanni, yana da hujja. A zamanin da kuɗi ke isa ƙauye cikin ƴan mintoci, abin da ke makara shi ne niyya. Matasan da suka tafi bida Najeriya ko bakin teku su ma sukan dawo bayan ruwa ya sauka, su tarar da tsofaffi da yara sun yi shuka, haki kuma ya riga su.

Jinkiri mafi ɗaci shi ne na talaka. A daidai makon noman farko ne rumbunsa ke ƙarewa, sai ya ɗauki hauyarsa ya tafi gonar mai hali ya yi barema don ya samo tiyar da za a ci da dare, tasa gonar kuma tana jira. Ya nome ta wani a kan kari, ya nome tasa a makare, ya girbe kaɗan, baɗi ma rumbunsa ya ƙare da wuri. Mai kuɗin da ke birni ya san cewa hannun da ya saya a wannan mako daga wata gona aka zare shi. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa buhun hatsi tun watan Yuni, ko ya tsara aiki yadda ɗan barema zai samu kwanakin tasa gonar, ya yi abin da ya fi sadakar bayan kaka.

Akwai kuma dabarar da aka jarraba a ƙasar nan ta yi amfani. Daga 1999 wani shiri na hukumar FAO ya yaɗa shagunan kayan noma na ƙauye, masu sayar da taki a ƙananan ƙulli daidai aljihun manomi, tare da tsarin jinginar amfanin gona da ake kira warantaj. Manoma suna ajiye hatsi da wake a magaza a lokacin kaka sa'ad da ba su da daraja, asusun bashi ya ba su rance, sa'an nan a buɗe magaza a bazara sa'ad da farashi ya tashi, su biya bashi, rarar kuma ta sayi taki. Hikimar tsarin ita ce yana sa kuɗi a hannun manomi a watan Afrilu da Mayu, wato daidai lokacin da ya kamata a saya.

Abin da ya rage ga mai gona

Lissafin a taƙaice ga shi. Daga kaka zuwa Mayu: garke, takin gida, tassa, da barin kara a gona don ya tare iska. Afrilu da Mayu: sayen iri da taki, da ajiye kuɗin barema da hatsin ci a hannun amintacce. Ranar shuka ko makonnin da ke biye: tsunkulen fosfor a ƙasa mai danshi. Mako na biyu bayan tsiro: noman farko, sa'an nan cira, sa'an nan ure. Kafin marka ta yi ƙarfi: maimai. Ƙarshen Agusta da Satumba: tuge ƙuduji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin da suka fi waɗanda ake kashewa yanzu. Abin da suke bukata shi ne a fitar da kuɗin wata biyu kafin lokacin da aka saba. Ɗan kasuwar da ya san cewa ragon Layya ba ranar Salla ake sarinsa ba, da ma'aikacin da ya san ranar da ake rufe karɓar takardu, ba su ne za a koya wa darajar kwanan wata ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya kawo zaman lafiya a Tondikandiya da Kurfai da ƙasa baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai rai.